DUKIYAR KWAMIN AMANA CE: DARASI A KAN SAYAYYAR HUKUMA DA RABON FILAYE

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya ɗora wa ɗan Adam amana, kuma zai tambaye shi a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka laƙaba wa Al'aminu tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata dukiya da kowannenmu yake da rabo a cikinta, amma kaɗan ne daga cikinmu suke bin sawunta, wato kuɗi da filayen ƙaramar hukumarmu, wadda muke ce wa kwamin. Mun saba jin ana cewa kayan gwamnati ba su da mai su. Da wannan magana ake halasta cin kuɗin aji da na rijiya, da ita ake yanka burtali a mayar da shi gona. Za mu yi bayani da yardar Allah a kan yadda ake yanke shawarar aiki, da yadda ake ba da kwangila, da yadda ake raba ƙasa, da hukuncin Shari'a a kowane mataki, domin mai riƙe da alƙalami ya ji tsoron Allah, talaka kuma ya san abin da zai tambaya.

NA FARKO: MECE CE KWAMIN, INA TAKE SAMUN KUƊI?

An daɗe ana maganar miƙa wa jama'a ragamar harkokin garuruwansu a Nijar. Zaɓen Fabrairun 1999 bai kai ga kafa majalisu ba. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansilolin kwamin 265 a faɗin ƙasa, aka sake zaɓe a Janairun 2011 da Disamban 2020. A shekarar 2011 Bermo da Gadabeji suka zama gunduma mai zaman kanta, gundumar Dakoro ta saura da kwamin 12, daga cikinsu akwai Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle da Ajekoriya da Sabon Mashi da Ɗan Gulbi da Azagor. Dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010 ta ba majalisar kansiloli ikon amincewa da kasafin kuɗi da tsarin raya kwamin, magajin gari ya zartar, perefe ya duba ko an bi doka. A 2016 gwamnati ta miƙa wa kwamin wasu ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A watan Afrilu na 2024 mahukuntan soja suka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi.

Mun kawo wannan tarihi ne domin a gane cewa kujera tana sauya mai ita, amana kuwa ba ta sauyawa. Zaɓaɓɓen magajin gari da naɗaɗɗen kantoma hukuncinsu ɗaya ne a wurin Allah.

Kuɗin kwamin kuwa daga aljihunanmu suke fitowa: lanhon da mai gida yake biya, da tikitin mai tallan ƙuli-ƙuli a kasuwa, da kuɗin da ake karɓa a kan kowace dabba da aka sayar a kara, kamar ta Dakoro ko ta Sakabal, da na tasha da na mahauta, da kuɗin sayar da filaye. Sai tallafin gwamnati, da taimakon ƙungiyoyin waje, wanda shi ma da sunanmu aka roƙo shi. Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa dukiyar kwamin ta fi kowace dukiya yawan masu ita.

NA BIYU: MATSAYIN WANNAN DUKIYA A SHARI'A

Malamai suna kiran dukiyar jama'a baitulmali, wanda aka ɗora a kanta kuwa wakili ne, matsayinsa kamar na mai riƙon dukiyar maraya: ba ya taɓa ta sai ta hanyar da ta fi amfani ga mai ita. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, Allah Maɗaukakin Sarki ya haɗa umarni biyu wuri ɗaya, mayar da amana ga masu ita da yin hukunci da adalci. A cikin Suratu Ali Imrana, aya ta 161, ya ba da labarin cewa mai gululu zai zo ranar ƙiyama ɗauke da abin da ya ɓoye. Asalin gululu shi ne ɗaukar wani abu daga ganima kafin a raba, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya shigar da ma'aikatan hukuma cikin hukuncinsa: Imamu Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira (R.A.) cewa duk wanda aka sa shi wani aiki ya ɓoye ko da allura ce, ya yi gululu.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin Mid'amu, wani bawa mai yi wa Annabi (S.A.W.) hidima, wanda kibiya ta kashe a Wadil Ƙura bayan yaƙin Haibara. Mutane suka yi masa murnar Aljanna, sai Annabi (S.A.W.) ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin rabo yana ci da wuta a kansa. Da jin haka wani mutum ya kawo igiyar takalmi da ya ɗauka. Ku duba, ƴan'uwa: mayafi ɗaya, ga hidimar Annabi, ga mutuwa a tafarkin yaƙi, duk ba su kare shi ba. To ina ga tan-tan na siminti?

Abin da ya sa wannan zunubi ya yi nauyi shi ne wahalar fita daga cikinsa. Wanda ya saci akuyar maƙwabcinsa ya san ƙofar da zai je neman gafara. Wanda ya ci kuɗin rijiyar gari kuwa, masu binsa bashi sun haɗa da kowace mace da ta yi sammako neman ruwa, da kowace dabba da ta kwana da ƙishirwa, da yaran da ba a haifa ba tukuna.

NA UKU: SHAWARA KAFIN AIKI

Cin amana yakan fara tun kafin a taɓa dala ɗaya, a wurin zaɓen aikin da za a yi da garin da za a kai shi. An tsara kowace kwamin ta kasance da tsarin raya ƙasa na shekara biyar, wanda ake kira PDC, a bi yanki-yanki a ji bukatun mutane, a jera su bisa muhimmanci, sannan kowace shekara a ɗebo daga ciki a sa a kasafi. Dokar 2010 ta tanadi zaman majalisa na yau da kullum sau huɗu a shekara, ƙofa a buɗe ga jama'a, sarakunan gargajiya suna halarta suna ba da shawara ba tare da sun jefa ƙuri'a ba. Wannan tsari ya dace da shura, wadda Allah ya yabi muminai da ita a Suratush Shura, aya ta 38, ya kuma umarci Annabinsa da ita a Ali Imrana, aya ta 159, alhali wahayi yana sauka gare shi.

Sai dai shawara ba ta zama shawara idan an gama yanke hukunci a zauren wani da dare, da safe a tara mutane su ɗaga hannu. Haka kuma zalunci ne a kai rijiya ta biyu garin da ya ba da ƙuri'a, alhali ga wani gari da matansa ke tafiyar rabin yini. A ƙasar Dakoro ruwa yana da nisa, rijiya ɗaya tana cin kuɗi masu yawa, saboda haka kuskuren wuri ba ya gyaruwa da sauri. Kuma wurin da aka haƙa rijiya shi ke yanke makomar ƙasar da ke kewaye da ita: idan aka kafa ta a tsakiyar makiyaya ba da yardar masu kiwon wurin ba, gidaje za su biyo ta, gonaki su biyo gidaje, bayan ƴan shekaru a nemi makiyayar a rasa. Don haka dole a ji ta bakin Bahaushe manomi da Bafillace da Buzu, har da wanda ya yi nisa da dabbobinsa lokacin taron. Tun ran gini ran zane.

Magabatanmu sun san wannan nauyi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi da ƙarfafa masu sana'a cikin ayyukan shugaba. Ke nan gyaran kasuwa da magudanar ruwa ibada ce ga wanda ya yi su da gaskiya.

NA HUƊU: YADDA AKE BA DA KWANGILA

Nijar ta yi dokar kwangilolin gwamnati, waɗanda ake ce wa marshe, a shekarar 2002, aka yi ta sabunta ta daidai da ƙa'idojin ƙungiyar UEMOA na 2005. An kafa hukumar sa ido mai suna ARMP, wadda daga baya ta koma ARCOP, inda wanda yake ganin an zalunce shi zai kai kuka. Tushen dokar abu uku ne: a buɗe wa kowa ƙofar nema, a daidaita tsakanin masu nema, a yi komai a fili. Babban aiki sai an yi shelarsa, kowa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe takardun gaban kwamiti da masu neman, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. Ƙaramar sayayya akan tuntuɓi ƴan kasuwa aƙalla uku. Ba da aiki kai tsaye ga mutum ɗaya an keɓe shi ga lalura da dokar ta ambata. Kuma an raba hannu biyu: mai ba da umarnin biya daban, ma'ajin da ke fitar da kuɗi daban, domin kowanne ya zama birki ga ɗan'uwansa.

Babu abin da ya saɓa wa Shari'a a cikin wannan. Fiƙihunmu ya sharɗanta a san aiki, a san lada, a san ajali a cikin ijara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ta nuna siffofi biyu na wanda ya cancanci a ɗauka aiki, ƙarfi da amana. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga tsagu huɗu da aka fi sani:

1. Daddatsa aiki. A ɗauki aiki ɗaya babba a yanka shi ƙanana-ƙanana domin kowane yanki ya kasa kai adadin da ke wajabta shela. Doka ta hana wannan, a Shari'a kuwa hila ce, kuma hila ba ta halasta haram.

2. Takardun farashi na ƙarya. Ɗan kasuwa ɗaya ya kawo takardu uku da hatimi uku, biyu na abokansa da suka ɗaga farashi da gangan domin nasa ya fito da sauƙi. Wannan ɗan'uwan najashi ne da Annabi (S.A.W.) ya hana, wato mutum ya taya kaya ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani. Wanda ya ba da aron hatiminsa ya yi tarayya cikin laifin, ko bai karɓi tamma ba.

3. Kason ofis. Shi ne kashi 10 cikin 100 da ake yawan ambata, wanda akan sa wa sunan goro ko gaisuwa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna gidan iyayensa da babu mai kawo masa kyautar. Wannan shi ne ma'auni har yau: duk abin da ba za a ba ka ba in ka sauka daga kujera, na kujerar ne, kujera kuwa ta jama'a ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa gaisuwa da sunanta a cikin Kitabul Farƙi, cikin halayen mulkin zalunci. Mu ɗauki misali: aikin miliyan 10, an cire miliyan 1 an ba ofis. Ɗan kwangila ba daga ribarsa zai cire ba. Daga siminti da ƙarfe da kaurin kwano zai cire, ya kuma san cewa wanda ya karɓa ba shi da bakin tuhumarsa.

4. Fifita dangi da ƴan jam'iyya. A cikin Muwaɗɗa, a babin ƙiradi, an kawo cewa Abdullahi da Ubaidullahi, ƴaƴan Sayyidina Umar (R.A.), sun biyo ta Basra daga yaƙi, sai gwamnanta Abu Musal Ash'ari (R.A.) ya ranta musu kuɗin baitulmali da za a kai Madina, su yi fatauci da su, su mayar da uwar kuɗi. Suka ci riba. Umar ya tambaya ko duk rundunar aka ranta wa, aka ce a'a, sai ya gane don suna ƴaƴansa ne, ya nemi su kawo uwa da riba. Bayan an yi muhawara aka mayar da abin ƙiradi, baitulmali ya ɗauki rabin ribar. Ko dirhami ɗaya bai ɓata ba, amma Umar bai yarda da damar da aka ba ƴaƴansa aka hana sauran Musulmi ba.

Kada a ce wannan tatsuniya ce. A shekarar 2006 badaƙalar ma'aikatar ilimin firamare, wadda aka sani da MEBA, ta kai ga tsare tsofaffin ministoci biyu a kan kuɗin makarantu. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu, bayan irinta ta faru a Yamai a watan Afrilun shekarar. Ajali na Allah ne, kuma talaucin ƙasa yana cikin dalilan yawan rumfunan. Amma kowa ya sani, duk ajin da aka ci kuɗinsa, rumfar kara ce ke zama a gurbinsa.

NA BIYAR: ƊAN KWANGILA DA MASU KARƁAR AIKI

Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika ƙulle-ƙullen alkawari, ya buɗe Suratul Muɗaffifina da narkon azaba ga masu tauye mudu. Buga bulo fiye da ƙima daga buhu ɗaya tauye mudu ne. Shafa fenti a kan tsagaggen bango shi ne irin abin da mai hatsin nan ya yi, wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, Annabi (S.A.W.) ya sa hannu ya tono shi, ya kuma barranta daga mai algus, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Risalar Ibnu Abi Zaidi da muke karantawa a zaurukanmu ta kawo haƙar rijiya cikin misalan jinga, ta bayyana cewa mai jinga ba ya cancantar lada sai aiki ya cika. Wanda ya karɓi kuɗin somin aiki ya sayi mota ko ya ƙara aure, ya bar gini iya taga, kuɗin nan bashi ne a wuyansa.

Shi ma ɗan kwangila yana da haƙƙi. Idan ya gama aiki, jinkirta biyansa alhali akwai kuɗi zalunci ne, balle a riƙe takardarsa sai ya ba da wani abu. Irin wannan jinkiri shi ke korar masu gaskiya daga aikin hukuma, ya bar fagen ga waɗanda suka iya hanya.

Sai mataki mafi hatsari, wanda mutane suka fi raina shi: karɓar aiki. Idan an gama gini, kwamiti yakan je ya duba ya sa hannu, wannan shi ne karɓa ta wucin gadi. Akan riƙe wani kaso na kuɗin, wanda ƙa'idar UEMOA ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin 100, har wa'adin lamuni ya cika, galibi shekara guda, sannan a yi karɓa ta ƙarshe. Hikimar ita ce damina ta bi ta kan ginin ta tona asirinsa. Ya kai ma'aikacin fasaha, ya kai shugaban makaranta, ya kai mai gari ko wakilin iyayen yara, ka sani sa hannunka shaida ce. Idan ka sa hannu cewa tebura 100 sun iso alhali 70 ka ƙirga, ko ka sa hannu a ofis ba ka je wurin ba, ka yi shaidar zur, wadda Annabi (S.A.W.) ya jera ta tare da shirka da saɓa wa iyaye cikin mafi girman zunubai. Ɓarawon kwangila ba ya iya fitar da kuɗi shi kaɗai, sai ya sami hannuwa huɗu ko biyar. Hannu ɗaya mai tsoron Allah ya isa ya tsayar da takardar.

NA SHIDA: FILAYE, BURTALI DA HURUMI

Kuɗi idan an ci ana iya mayarwa, ƙasa kuwa idan an gine ta sai rushewa da rigima. Gari yana faɗaɗa, ana yanka filaye, abin da ake ce wa lotisma. A cikin kowane zane akan keɓe wurin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta da hanyoyi da mabin ruwa. Waɗannan wurare na mutanen da za su zo ne, ba su da mai kare su yau, shi ya sa ido ke kansu. Sayar da su a ɓoye, ko sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ko rabon filaye tsakanin masu yanka da sunayen yaransu, duk yana ƙarƙashin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi daga ƙassai bakwai. Game da hanya, Annabi (S.A.W.) ya hukunta a bar mata kamu bakwai idan an yi saɓani a kan faɗinta. Gini a kan hanyar ruwa kuwa, ambaliyar damanar 2024, wadda jahar Maraɗi take cikin waɗanda suka fi asarar rayuka a cikinta, ta ishe mu wa'azi.

Mai gonar da aka yanka yana da haƙƙin diyya. Dokar ƙasa ta 1961 a kan karɓar fili don amfanin jama'a, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta biyan diyya ta adalci kafin a karɓa. Annabi (S.A.W.) da kansa bai karɓi filin masallacin Madina kyauta daga marayun nan biyu, Sahlu da Suhailu ba, saye ya yi. Wannan kuma gargaɗi ne gare mu masu gina masallatai: kafa masallaci a kan hanya ko a filin makaranta ba da izini ba, suna ba ya tsarkake shi.

A wajen gari kuwa, batun burtali da mashaya da makiyaya shi ne rayuwar wannan yanki. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kwarin Tarka yana kan wannan gaɓa tsakanin ƙasar noma da ta kiwo, amma fari da yawan jama'a sun tura gonaki gaba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa, wato COFO, a matakin gunduma da kwamin da ƙauye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin zirga-zirga, ta hana mallake wuraren kiwo na jama'a. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Lokacin da Sayyidina Umar ya ɗora Hunayyu a kan hurumin kiwo, ya umarce shi ya shigar da mai ƴan raƙuma da mai ƴan tumaki, ya hana garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, domin su idan dabbobinsu sun halaka suna da dabino da gonaki, talaka kuwa ba shi da madogara. Wannan ita ce ƙa'idar tsara ƙasa a Musulunci: idan wuri ya yi ƙunci, mai rauni ake fara dubawa. Wanda ya tumɓuke alamar burtali, da wanda ya rubuta takardar mallaka a kan makiyaya, da makiyayin da ya saki dabbobi cikin hatsi kafin a saki gonaki, su tuna da Toda a 1991, inda aka kashe mutane fiye da 100, akasarinsu mata da yara, a rikicin manoma da makiyaya.

NA BAKWAI: ABIN DA YA HAU KAN JAMA'AR MASALLACI

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke matsa wa ɗan'uwanmu da ya sami kujera da bukatun suna da biki, in ya sauka bai gina gida ba mu ce wawa ne. Mu ne muke ba mai kuɗin kwangila sahun gaba ba mu tambayi komai ba. Saboda haka muna kira ga abubuwa kamar haka:

1. Mu biya abin da ke kanmu, mu karɓi tikiti ko takardar shaida. Wanda ya yarda ya biya rabi ba takarda ya taimaka wa gululu.

2. Mu halarci tarukan da ake kira a kan tsarin raya kwamin da kasafi, mu karanta abin da aka liƙa a allon ma'aikatar magajin gari. Wanda ya yi lakwal ya karanta wa wanda bai yi ba.

3. Duk aikin da aka fara a unguwa ko ƙauye, dattawa su nemi sanin abu huɗu cikin ladabi: nawa ne kuɗinsa, wa aka ba, yaushe zai ƙare, su wa za su karɓa. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

4. Kada mu tuhumi kowa ba hujja. Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari, ta hana mu mummunan zato. Akwai ma'aikata da ƴan kwangila masu tsoron Allah, ɓata sunansu zalunci ne, kuma yana sa mutanen kirki gudun aikin jama'a. Wanda ya ga ɓarna da idonsa ya fara da nasiha a asirce, in ba ta yi ba ya kai ga hukumar da abin ya shafa.

5. Mu tsare abin da aka gina. Cire ƙofar aji da ɗauke ƙarfen famfo da cin kuɗin kwamitin ruwa duk gululu ne, ƙanƙantarsa ba ta canza sunansa.

6. Wanda hannunsa ya riga ya taɓa, ƙofar tuba a buɗe take, amma sharaɗinta mayar da haƙƙi. Ya mayar da kuɗin baitulmalin da ya ɗauka daga ciki, in hakan ya faskara ya zuba su cikin maslahar mutanen da ya cuta, ba da sunan kyauta ba. Zuwa Hajji ko gina masallaci da su ba ya wanke su, domin Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki.

KAMMALAWA

Ya ku bayin Allah, wanda ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, Annabi Yusufu (A.S.), da siffa biyu ya gabatar da kansa, tsarewa da sani, Allah kuma ya tserar da al'umma daga yunwar shekara bakwai ta hannunsa. Ƙasarmu ta ga yunwar 1984 da ta 2005, ta san abin da rumbun da babu amana a bakinsa yake jawowa. Muna roƙon waɗanda Allah ya ba riƙon kwamin ɗinmu su ɗauki kowace takarda da za su sa wa hannu a matsayin takardar da za a buɗe musu gobe ƙiyama, mu kuma talakawa mu taimake su da addu'a da nasiha da sa ido.

Allah ya ba shugabanninmu mashawarta nagari, ya wadatar da mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.